Daga Shawak zuwa mafarkin nukiliya: wa zai tsare wutar?

A Gadarif, duk mai sayen wutar jamra ya san yadda kuɗin da ke kai shi ƙarshen wata yanzu ke ƙarewa tun wata bai raba ba. An ƙara kuɗin kahraba a farkon 2021, aka sake ƙarawa a Janairun 2022, har manoman jihar Shamaliya suka tare babbar hanyar da ke zuwa Masar. Shi ya sa in hira ta yi hira ba a rasa mai cewa: ina ma an gina tashar nukiliyar nan, da wuta ta yi araha.

Maganar tana da tushe. A 2016 Sudan ta sa hannu da kamfanin CNNC na Sin, a 2017 kuma da Rosatom na Rasha. Har yau ko tubali ɗaya ba a aza ba. Masar da ta fara ginin tata a Dabaa a 2022, bashin dala biliyan 25 ta ci daga Rasha, kuma bashi ai biyansa ake yi.

Sai dai abin da ya fi kuɗi tayar da hankali shi ne tsaro. Tashar nukiliya ko an kashe ta, makamashin cikinta na ci gaba da fitar da zafi, dole famfuna su yi ta zuba ruwa dare da rana, su kuma famfunan wuta suke sha daga waje. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a 2011 ke nan: igiyar ruwa ta kashe janaretoci, sanyaya ta tsaya, makamashin ya narke. A Zaporizhzhia ta Yukren, yaƙi ya sha katse layukan wuta, sai janaretocin dizal ke riƙe da tashar.

To, mu dawo gida. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Marawi, sannan suka faɗa wa tashar rarraba wuta ta Shawak, nan kusa da mu. Gadarif da Kasala suka shiga duhu, ruwan famfo ya ɗauke, masu injin niƙa da masu ƙanƙara suka zauna jugum. Madatsar Atbara da Setit mai megawat 320 tana nan a gefenmu, amma ba wayar da za ta kawo wutar. A Shawak, taransifoma ce kawai ta ƙone.