Fatsa a Tsakiyar Hunturu: Abin da Ƙananan Tafkunan Gonakin Amurka Ke Nema Daga Masunci

Idan watan Janairu ya kama a Amurka, itatuwa suka kaɗe ganye, ciyawa ta bushe, yawancin masu kamun kifi don nishaɗi sukan jingine sandar fatsa sai ɗumi ya dawo. 'Yan tsiraru ne ke ɗaura rigunan sanyi su nufi ƙananan tafkunan da ke bayan gonaki, suna neman kifaye biyu: bas, mafarauci mai faɗin baki wanda halinsa ya yi kama da na giwan ruwa, da kuma kirafi, mai faɗin jiki kamar karfasa, wanda ake yabon farin namansa.

Akasarin tafkunan nan haƙa su aka yi. Bayan guguwar ƙurar da ta cinye gonakin tsakiyar ƙasar a shekarun 1930, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935, hukumar kuma ta ƙarfafa wa manoma gwiwa su tare ruwan sama don shayar da dabbobi da hana zaizayar ƙasa. Ruwa ya samu, sai tambayar abin da za a zuba a ciki. A kwalejin da yau ake kira Jami'ar Auburn a jihar Alabama, wani masani mai suna Homer Swingle ya shafe shekaru yana gwaji, har ya nuna cewa ƙaramin tafki yakan zauna lafiya idan aka haɗa bas da wani ƙaramin kifi mai yawan haihuwa da ake kira bulugil. Wannan yana hayayyafa, wancan yana rage shi.

Kirafi ba ya cikin wannan lissafi, kuma a nan matsalar take. Haihuwarsa ba ta da tsari: wata shekara shiru, wata shekara kuma ya cika ruwa maƙil. Yakan riga bulugil yin ƙwai, 'ya'yansa su yi wa 'ya'yan bas rububin abinci, kafin a ankara tafki ya cika da tsumburarrun kifaye da ba su kai tafin hannu ba. Shi ya sa masanan kifi na jihohi da dama ke hana manoma zuba shi a ƙaramin ruwa. Sai dai daɗin namansa ya fi ƙarfin shawara, mutane suna ta zubawa. Inda aka riga aka zuba, maganin da ake bayarwa shi ne a tafi gida da duk kirafin da ya hau ƙugiya, a mayar da bas ruwa ya ci gaba da aikinsa. Hunturu kuwa shi ne lokacin da wannan ragi ya fi sauƙi, domin sanyi yana tara kirafi garke guda.

Neman garken ne aikin. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka a tsananin hunturu ruwan ƙasan tafki yakan fi na sama ɗumi, kifi kuma ya gangara wuri mafi zurfi, galibi kusa da madatsar. Kirafi yana son ya laɓe a jikin rassan da suka nutse. Don haka masu tafki da yawa ke tattara itatuwan Kirsimeti da aka gama da su, su ɗaura musu bulo, su nutsar. Kirafi daga ƙasa yake kai wa abinci hari, wato dole abin da ke jikin ƙugiya, ɗan ƙaramin kifi ne mai rai ko na roba, ya rataya a samansa kaɗan. Fatar bakinsa kuma siririya ce kamar takarda. Mai fizgar igiya da ƙarfi zai ga ƙugiya ta dawo masa wayam.

Bas ya fi wuyar sha'ani. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, idan ruwa ya yi sanyi narkewar abinci takan yi nawa, har ya kwana biyu bai nemi komai ba. Ba zai bi abin da ke gudu ba. Masuncin da ya san aikinsa yakan jefa, ya bari abin ya sauka ƙasa, ya ja kaɗan, ya tsaya har ya ƙosa da kansa. A nan ƙaramin tafki ya fi babban ruwa: rana uku ta haske ta isa ta ɗumama bakin gaɓarsa, musamman ta arewa wadda rana ke duka, sai bas ya hauro tsakanin azahar da la'asar. Sammako ba ya da wani amfani a wannan lokaci.

A jihohin arewa labarin daban ne, domin saman tafki daskarewa yake yi, sai an huda rami ake zura igiya. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota tana gargaɗin kada mutum ya taka sabuwar ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, kimanin santimita 10. Haɗarin bai tsaya kan masunci ba. Idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe tafki marar zurfi na tsawon makonni, haske ba ya isa ga tsirran ruwa, iskar numfashi ta ƙare, manyan kifaye su fara mutuwa. Mai tafki ba zai sani ba sai ƙanƙara ta narke.

Akwai wani ɓangare da ma'aikacin gwamnati zai so ya lura da shi. Tun 1950, dokar Dingell-Johnson ta sanya haraji a kan kayan kamun kifi na nishaɗi, ana raba kuɗin ga hukumomin kifi na jihohi bisa faɗin ƙasa da yawan masu lasisin su. Ma'aikatan waɗannan hukumomi ne manomi ke tuntuɓa idan tafkinsa ya rikice, tambayarsu ta farko kuma takan kasance wane irin kifi aka kama a bara, nawa aka tafi da shi gida, nawa aka mayar ruwa.