Ruwan burtsatse a Gwarzo da Kabo: yaya za a san ya dace da sha?

Gidaje da dama a Gwarzo da Kabo sun dogara da rijiyar burtsatse, kuma mutane kan ɗauka ruwan da ya fito garau ba shi da illa. Ido ba ya ganin ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifod. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Abu na farko da ake nema shi ne ƙwayar E. coli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. In an samu, to bahaya ya shiga ruwan, galibi daga masai ko salga da ke kusa. Shi ya sa ake so a bar tazarar mita 30 tsakaninsu da rijiya, abin da ke wuya a unguwa mai cunkoso.

Sai sinadarin naitiret, wanda ke zuwa daga masai da takin zamani. Kada ya wuce miligiram 50 a lita. Jarirai ya fi cutarwa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

A gwada ruwan aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman da damina. A kuma duba tanki da jarkokin 'yan garuwa, domin ruwa mai kyau kan gurɓata a nan.