Shugaba da Wakili: Labarin Jam'iyyar Talakawa

 Yau ba zancen girki ko renon jariri za mu yi ba. Zancen wata jam'iyya ne wadda ta fara ƙarama ta girma, da abin da ya shiga tsakanin shugabanninta da mutanen da ta tsayar aka zaɓa. Kada wata ta ce wannan sha'anin maza ne, gama ƙuri'arki da ta maigida nauyinsu ɗaya.

Ranar 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas suka taru a Kano suka kafa NEPU. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Alamarta tauraro, kirarinta Sawaba, nufinta kuwa a sauke wa talaka nauyin zalunci. Ku tambayi tsofaffinmu na Gude da Kabo da Gwarzo, za su gaya muku a zamanin En'e shiga NEPU ba wasa ba ne, don mutum yana iya kwana gidan yari saboda ita.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shugabanci matan jam'iyyar, an kuma ɗaure ta sau da yawa. Abin mamaki, ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a a lokacin. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su dama.

A wannan zaɓe na 1959 NEPU ta sami kujera 8 cikin 312 a Majalisar Wakilai ta Ikko, Malam Aminu na cikin waɗanda suka ci. Kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Soja suka rushe jam'iyyu a 1966. Da aka buɗe siyasa a 1978, Malam ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. A 1979 ta ci gwamna biyu, watau Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Nan da nan suka soke haraji da jangali, abin da manomi da makiyayi suka daɗe suna kuka da shi.

To, a nan fa gizo ke saƙa. Gwamnonin nan biyu suka riƙa zama taro da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP. Shugabannin PRP suka ce su daina, suka ƙi. Shugabanni suka ce jam'iyya ce ta tsayar da ku, sai ku bi umurninta. Gwamnoni suka ce jama'a ce ta zaɓe mu, kuma muna kan manufar jam'iyya. A 1980 gida ya rabu biyu, ga 'yan Taɓo na wajen Malam, ga 'yan Santsi na wajen gwamnoni. Rigimar ta shiga garuruwa da ƙauyuka, har wa da ƙane suka daina ga-maciji.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni 1981 Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya koma NPP ya yi takara, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Bayan wata uku da hawansa soja suka karɓe mulki.

Me za mu koya, 'yan'uwa? Na farko, kafin ki bi jam'iyya ki san su wane ne shugabanninta, kuma ta wace hanya suka hau. Na biyu, ki san sunan kansilanki da wakilinki na majalisa, ki tambaya me ya yi a kan rijiya da asibiti da makarantar 'ya'yanki. Na uku, kada atamfa da sabulu na rana ɗaya su sayi shekara huɗu ta rayuwarki. Na huɗu, in manya sun saɓa, kada ki yanke zumunci da maƙwabciyarki. Su za su shirya a Kano, ku kuwa rijiya ɗaya kuke ɗiba.

Ku 'yan makaranta, da kun cika shekara 18 ku yi rajista. Waɗansu mata sun sha ɗauri kafin ku sami wannan dama. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, amin. Sai mako mai zuwa.