Guzurin Mai Hawan Dutse: Babbar Jaka a Zango, Ƙarama a Baya

Daga Wakilinmu na Arewa

Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kankama, sai ka ga 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun fara shirin zuwa gida ganin dangi. To, a 'yan shekarun nan akwai samari, musamman ma'aikata da 'yan makaranta, waɗanda bayan an gama gaishe-gaishe sukan ware 'yan kwanaki su shiga daji yawon buɗe ido da ƙafa. Ɗaya daga cikin wuraren da suke nufa shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya ratsa Jihohin Taraba da Adamawa, kuma duk Nijeriya babu gandun da ya kai shi girma. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, daf da iyakarmu da Kamaru.

Irin wannan tafiya ta kwana da kwanaki ce, saboda haka kowa yakan goyo babbar jaka mai ɗauke da tanti da bargo da tukunya da abinci, nauyinta yakan kai kilo 15 ko fiye. Amma in an kafa zango, aka ce gobe da asuba za a hau ƙololuwa ko a gangara ganin wani rafi a dawo da yamma, a nan ne gizo ke saƙar. Wani ya kinkimi babbar jakar dukanta, kafin hantsi gwiwa ta sage, ga tsoron ta rinjaye shi a gangare. Wani kuma ya tafi hannu rabbana, da kwalbar ruwa ɗaya tak, ƙishirwa da sanyi su ritsa da shi inda ba gida gaba ba gida baya. Fataken da can sun san maganin wannan: in ayari ya sauka, mangala tana nan wurin jakuna, mutum ya rataya burgaminsa ya shiga gari. Burgamin mai hawan dutse a yau shi ne ƙaramar jakar goyo wadda ake naɗewa ta koma kamar dunƙulen hannu, a cusa ta cikin babbar.

Abu na farko da za ka duba shi ne cikinta. Masu ƙera jaka da lita suke awo, kuma lita 15 zuwa 22 ta ishi tafiyar yini guda. In ta gaza haka, rigar sanyi ba za ta shiga ba. In ta zarce, zuciya za ta yi ta raya maka ƙara wannan, ƙara wancan, har ka koma gidan jiya.

Sai nauyinta ita kanta, domin ko ba kowa a cikinta kai ne za ka yi dakonta tun daga ranar farko. Akwai waɗanda ba su kai giram 100 ba, kamar Ultra-Sil ta kamfanin Sea to Summit mai cin lita 20. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Irin waɗannan ba su da soso a baya, maɗaurinsu kuwa siriri ne, in kaya ya haura kilo 4 ko 5 sai ya riƙa cin kafaɗa. Mai giram 200 zuwa 400 ta fi daɗin goyo, don takan zo da faffaɗan maɗauri da 'yar igiyar ƙirji mai hana jaka lilo sa'ad da kake kama dutse da hannu biyu. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma a zafin ƙasarmu mai tafiyar yini ba zai so ya gaza lita biyu zuwa uku ba. Ka ga ruwa kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da siririyar jaka za ta iya.

Game da yadi, nemi nailan mai ƙananan gidaje kamar na dara a jikinsa. Zare mai kauri ne aka ratsa, yadda in ƙaya ta huda, yagewar za ta tsaya a gida ɗaya. Za ka ga lamba da harafin D a takardar jaka, wato kaurin zaren ke nan: 30D shafal ne amma ba ya jure gogar dutse, 70D zuwa sama ya fi ƙarko. Kada kuma mai kanti ya rantse maka cewa ruwa ba ya shiga. Ko yadin yana tare ruwa, ta ɗinki da zif yake bi. Dabarar mai sauƙi ce: zura babbar leda mai kauri a ciki, ka zuba kaya, ka murɗe bakinta.

Aljihun gefe na sa kwalba yana da amfani ƙwarai, domin wanda sai ya sauke jaka kafin ya sha ruwa yakan yi ta jinkiri har jiri ya kama shi. Launi ma abin lura ne: ja ko ruwan lemo ana hango shi daga nesa, ko da hazo ya sauko.

In a kasuwar gwanjo za ka saya, irin ta Yaba a Ikko ko Ƙofar Wambai a Kano, juya jakar ciki waje. In ka ga rufin cikin yana ɓarewa ko yana danƙo a hannu, ta tsufa, bar ta. Ja zif sau da yawa, ka finciki gindin maɗauri inda ya haɗu da jiki, don nan ne ya fi saurin tsinkewa. Sa'an nan ka sa manyan kwalabe biyu cike da ruwa, ka goya, ka ɗan zaga. Kafaɗarka za ta gaya maka gaskiyar da mai kaya ba zai faɗa ba.

Me za a zuba a ciki? Ruwa, da guzuri marar lalacewa kamar dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi, da tocila, da ashana cikin leda, da bandeji, da ƙunshin gishiri da sukari na haɗin ruwan nan, da waya, da rigar ruwa, da rigar sanyi. Kada wanda ya saba da gumin Ikko ya raina rigar sanyi: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, ga iska a kan tudu. Ninke rigar ka sa ta ɓangaren da ke manne da bayanka, ta zame maka soso, kada kwalba ta yi ta dukan ƙashin baya. Da dare kuma jakar, in an cusa mata tufafi, ta zama matashin kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana Kudu gwada jakarka a Dutsen Olumo na Abeokuta, ko matakalan Idanre a Jihar Ondo, ko magangarar ruwa ta Erin-Ijesha a Jihar Osun. Abin da zai tsinke gara ya tsinke kusa da tela. Wanda kuma ya nufi Gashaka-Gumti, ya fara biyawa ta hedkwatar gandun da ke Serti, ya karɓi izini da ɗan jagora, ya tambayi halin da hanya take ciki, kuma ya bar wa na zango labarin inda ya nufa da lokacin da za a sa ran dawowarsa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.