Yadda Aka Ceto Wasannin Castlevania Daga Tsohuwar Nintendo DS

Duk wanda ya buga Castlevania: Dawn of Sorrow a Nintendo DS ya san wahalarsa. Bayan ka galabaitar da babban dodo, sai ka zana hatimin tsafi da ɗan alƙalami a allon taɓawa. Ka kuskure, dodon ya farfaɗo. To yaya za a buga wannan wasa na 2005 a PlayStation 5, inda babu alƙalami, allo kuma ɗaya ne tak?

Matsalar da kamfanin M2 na Japan ya warware wa Konami ke nan a Castlevania Dominus Collection, wanda ya fito a Agustan 2024 ɗauke da Dawn of Sorrow, Portrait of Ruin da Order of Ecclesia. An ajiye taswirar fadar a gefen filin wasa, hatimin kuma ana kammala shi da danna maɓallai a jere. Har mayar da wasa baya ana iyawa idan an yi kuskure.

An daina ƙera DS tuntuni. Wasan da ba a fitar da shi daga cikinta ba, ranar da na'urar ta mutu, tare za su tafi.