Wasa da Kare a Ƙarshen Hunturu

A Ingila, watan Fabrairu yakan zo da dusar ƙanƙara. Yara sukan jefa ƙwallo cikinta, kare ya tono ya kawo. Mu a Zuru sai hazo da ƙura, amma karnukanmu ma sun iya wannan wasa in an koya musu.

Ka nemi guntuwar sanda mai kauri, marar tsini, ka jefa kusa tukuna. In ya ɗauka, kada ka bi shi da gudu, sai ya zaci tsere ne. Tsuguna ka kira shi, in ya kawo ka ba shi ɗan ƙanzo. Ko sandar ta faɗa cikin busasshiyar ciyawa zai gano ta, domin yana sansano warin hannunka a jikinta. Da hancin nan ne karen mafarauci yake bin sawun zomo.

Amma ka lura, yanzu safiya ce kaɗai da sanyi, rana kuwa ta fara zafi. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ya zaro harshe yana haki. In hakin ya yi yawa, wasa ya isa, ko da shi bai yarda ba. Kai shi inuwa, ba shi ruwa, cire masa ƙarangiya daga ƙafa, sa'an nan ka wanke hannunka.