Ƙuri'ar Wanda Ba Ya Gida

Waɗanda suka fara tsara dokokin zaɓe sun ɗauka cewa mai jefa ƙuri'a mazauni ne, wanda aka san unguwarsa da mai unguwarsa, wanda idan ranar zaɓe ta zo zai taka da ƙafarsa zuwa rumfa ya dangwala ya koma gida. Ba su sa matafiyi a lissafi ba sai da yaƙi ya tilasta musu. A Amurka, lokacin yaƙin basasa, jihohi da dama sun yarje wa sojojinsu su jefa ƙuri'a daga sansani a zaɓen shekarar 1864, galibinsu kuwa Abraham Lincoln suka zaɓa. Ingila ma ta yi wa sojojinta irin wannan rangwame a 1918. Hujjar ba ta da wuyar fahimta, domin mutumin da hukuma ta aika da kanta ya je ya ba da jininsa, ba adalci ba ne a ce rashinsa a gida ya soke masa haƙƙi.

Saɓani ya taso ne sa'ad da aka so a yi ƙiyasi, a ɗora ɗan kasuwa da ɗalibi da likita bisa hukuncin soja. Masu inkari suka ce zaɓe amana ce ta wanda zai zauna ƙarƙashin abin da ya zaɓa, alhali wanda ke can ƙetare, in ya ɗora azzalumi bisa karaga, ba shi zai sha tsadar hatsi ko ya kwana a layin mai ba. Masu goyon baya suka amsa da cewa zama ɗan ƙasa ba riga ba ce da ake tuɓewa a bakin iyaka, kuma mutumin da ke ciyar da mahaifa, yana biyan kuɗin makarantar ƙanne, yana gina gidan da yake fatan ya tsufa a cikinsa, ba za a kira shi baƙo a sha'anin ƙasarsa ba. Ingila ta daɗe tana neman tsaka-tsaki ta hanyar ƙayyade wa'adi: a 1985 ta ce shekara 5, daga baya ta mayar 20, sannan ta rage zuwa 15, har dokar 2022 ta shafe wa'adin ɗungum. Wannan kai-da-komo shi kansa shaida ne cewa babu wani mizani da zai nuna ranar da zuciyar mutum ta rabu da ƙasarsa. Kotun ƙolin Kanada ta kai ga kusan wannan matsaya a 2019, yayin da ta rushe sharaɗin shekara 5 na ƙasarta.

Waɗansu ƙasashe suka ɓullo ta wata hanya, wadda a ganina ta fi hikima, wato su ware wa mazauna waje kujerunsu na kansu a majalisa, ta yadda muryarsu za ta fito ba tare da ta danne ta mazauna gida a mazaɓunsu ba. Faransa tana da wakilai 11 irin waɗannan tun 2012, Senegal kuma ta ware kujeru 15 cikin 165 tun zaɓen 2017. Jamhuriyar Nijar, wadda ke da jihohi takwas, ta riƙa kiran 'ya'yanta na waje jiha ta tara, ta kuma ba su kujeru 5 cikin 171 a zaɓen 2016. Amma da zaɓen 2020 ya zo, annobar korona ta hana a yi musu rajista, kujerun suka zauna babu kowa har watan Yunin 2023 da aka yi zaɓen cike gurbi. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka sojoji suka kifar da gwamnati, majalisar ta tafi da tsofaffin wakilai da sababbi.

Rubuta doka abu ne, zartar da ita kuma wani abu ne daban. Majalisar Ghana ta amince da wannan haƙƙi tun 2006, har wata babbar kotu a Accra ta umarci hukumar zaɓe a 2017 da ta aiwatar cikin shekara guda, duk da haka zaɓe bayan zaɓe yana wucewa dokar tana kwance a takarda. Kenya ta fara a 2013 da ƙasashe huɗu na yankinta, ta faɗaɗa zuwa ƙasashe 12 a 2022, amma waɗanda suka yi rajista ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba.

A Najeriya kuwa cikas ɗin yana cikin nassin tsarin mulkin 1999, inda sashe na 77 da na 117 suka shar'anta cewa mai rajista ya kasance yana zaune a cikin ƙasa lokacin da ake rajistar. An kawo ƙudurin gyara, majalisar tarayya ta yi watsi da shi a watan Maris na 2022, ko da yake kuɗin da mazauna waje ke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara bisa lissafin Bankin Duniya. Akwai kuma wata mas'ala da masu fafutuka ba su cika tsayawa a kanta ba. Ba ya isa ɗan takarar shugabanci ya fi kowa yawan ƙuri'a, wajibi ne ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi; to, ƙuri'ar da aka jefa a Jidda, a lissafin wace jiha za a zuba ta, ta haihuwar mutum, ko ta asalin ubansa, ko wadda ya baro?

Abin da ya fi damuna shi ne wa za a ƙirga. Idan ana maganar mazauna waje a Abuja, hoton da ke zuwa zukata shi ne na likita a Landan ko injiniya a Amurka, mai fasfo da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda ofishin jakadanci ya san da zamansa. Amma tafiyar mutanenmu ta girmi fasfo. Akwai jikokin fataken goro a zangon Kumasi, akwai zuriyar alhazan da suka bi hanyar ƙasa suka yada zango a Sudan, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yawansu sun zama 'yan ƙasashen da suke, kuma can ƙuri'arsu take. Amma tsakanin waɗannan da likitan Landan akwai jama'a mai yawa, masu sayar da shanu da albasa, da masu suya, da 'yan ci-rani a Kwatano da Abijan da Duwala, waɗanda suka ƙetare iyaka ba da wata takarda ba, kuma su ne suka fi kowa yawan zuwa gida da damina. Idan aka ajiye akwati a ofishin jakadanci kaɗai, aka ce sai mai fasfo, kamar yadda ƙasashe da yawa suka yi don gudun maguɗi da tsadar aiki, za a wayi gari an ba attajirai da 'yan boko haƙƙi an bar talakawan matafiya a waje. Idan kuwa aka sassauta sharaɗi aka kai akwati zango-zango, wane ne zai tantance Bakatsine daga Bamaraɗe a tsakiyar kasuwar Kumasi, alhali harshensu ɗaya, limaminsu ɗaya, kuma sau da yawa kakansu ɗaya? Duk majalisar da za ta sake ɗauko wannan ƙuduri, a kan rajista ya kamata ta fara zama, tun kafin ta taɓa sashe na 77.